Garejin da nake barin mashin ɗina a Birmingham in zan tafi gida, da rigimar takardu

Salam 'yan uwa. Mutane da yawa na tambayata a ina nake barin mashin in zan tafi Kano na daɗe, kuma ya nake yi da takardunsa har in dawo in hau ba tare da fargaba ba, toh bari in faɗi komai gaba ɗaya. Gareji ne na babura zalla a gabashin Birmingham, cikin irin lungunan nan na ƙananan masana'antu, suna gyara, suna sai da na hannu, suna gwajin MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, sannan ta baya suna da wani babban ɗaki da suke ajiye wa mutane babura ana biyansu duk wata. Ba zan kama sunansu ba sabida akwai maganganun da zan yi da ba yabo ba ne, kuma ba su suka sa ni ba. Irinsu akwai a kusan duk babban gari a Ingila, abin da nake so shi ne mutum ya san me zai duba kafin ya miƙa makulli.

Ni dai huɗu cikin biyar nake ba su, kuma gaskiya ba don ɗakin ajiyar ba ne, ɗaki ko'ina za ka samu. Dattijon da ke da wurin ne ya san takardu ciki da bai, kuma ba ya ƙyashin zaunar da kai ya yi maka bayani, wannan shi ne abin da nake biya wa kuɗi.

Abin da ya kamata kowa ya gane tun farko, a ƙasar nan mashin ko yana tsaye ba ka hawa, bai fita daga hannun doka ba. A gida in za ka yi tafiya ka tura shi zaure ko ka bar wa ƙaninka shikenan, ba wanda zai tambaye ka fatikula sai ranar da aka tare ka a titi. Nan ba haka ba ne. Tun 2011 doka ta ce duk abin hawan da ke da rajista da sunanka dole ya kasance da inshora a kowane lokaci, sai fa in ka sanar da DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, cewa ka cire shi daga titi, sanarwar da ake kira SORN. Kwamfuta ce ke haɗa sunayen masu rajista da na masu inshora, in ta ga naka babu sai wasiƙa ta biyo ka, daga nan tarar fam 100, in ka yi shiru abin ya kai kotu zai iya kaiwa fam 1,000. Haraji ma haka, in ya ƙare baka sabunta ba kuma baka yi SORN ba, tarar fam 80 ce take zuwa da kanta, ba ɗan sandan da ya ganka, kana can Fagge kana shan fura wasiƙu na taruwa a bakin ƙofarka a nan. Kuma SORN ɗin tana da sharaɗi, dole mashin ya bar titin gwamnati kwata-kwata, ya shiga gareji ko harabar gida. Yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya a gidan haɗaka, ba haraba ba gareji, mashin a bakin titi yake kwana, kaga ko ka so yin SORN baka da inda za ka sa shi. Wannan ne ya kai ni wurinsu.

Na Honda CB125F ne, ba wani babban abu ba, amma da shi nake zuwa aiki, aikin kula da tsofaffi nake yi gida-gida kuma bas ba ta kai ka a kan lokaci. Da na kai shi za a ajiye, kafin ma mu yi maganar kuɗi dattijon ya ce in nuna masa V5C, wato jar takardar rajistar nan, ya duba suna da adireshi, ya tambaye ni yaushe MOT zai ƙare, yaushe inshora za ta ƙare, wata nawa zan yi. Ya ɗauko biro ya jera min ranakun a bayan rasit, ya ce ga abin da za ka yi yau, ga wanda za ka yi sati ɗaya kafin ka taso. SORN a wayata ya sa na yi a gabansa a shafin gov.uk da lambar nan guda 11 da ke jikin takardar, kyauta ne ko kwabo ba a biya, ya kuma gargaɗe ni da wasu shafukan bogi da suke kama da na gwamnati suna karɓar kuɗin mutane a kan abin da kyauta ne. Sauran cikakkun watannin harajin da na riga na biya an dawo min da su. Wani abin da ya ƙara min yarda da shi, ya ƙi ya riƙe takardar, ko hotonta bai ɗauka ba, ya ce kar in taɓa tura wa kowa hotonta don da lambobin jikinta ɓarayi ke yi wa mashin ɗin sata takardu.

Ɗakin kansa tsaf yake, daɓen siminti a bushe, ba yoyo, akwai kamara da ƙararrawa, kowane babur da zoben ƙarfe a ƙasa da ake ɗaure shi da sarƙa. Wanda bai zauna a nan ba zai ce wannan duk na mene ne, amma satar babura a biranen Ingila ba wasa ba ce wallahi, musamman ƙananan nan 125 irinsu PCX da masu kai abinci ke hawa, yara ne da injin yankan ƙarfe mai batir, ko su zo su biyu-uku su ɗaga shi cak su jefa a bayan mota. Mashin da aka ga ya yi sati biyu a wuri ɗaya da tamfol a kai, an san mai shi ba ya nan. Ga kuma hunturu, gishirin da suke watsawa a titi don ƙanƙara yana cin sarƙa da salansa, ka bar shi a waje ka dawo ka tarar duk ya yi ja da tsatsa.

Kafin su shigar da shi sai da suka wanke, suka shafa wa sarƙa mai, suka ƙara wa tayoyi iska, suka ce in cika tanki da fetur ɗin E5 mai tsada maimakon E10 da ya zama na yau da kullum tun 2021, sabida E10 ya fi jan ruwa in ya daɗe a kwance. Batir kuma suna jona masa wata 'yar caja da ke ba shi wuta kaɗan-kaɗan. Duk wata makaniken zai turo min hoto ta WhatsApp, ga mashin ga lambar kilomita a kan mita yadda na bar ta, kaga na san ba wanda ya ɗauka ya je cefane da shi. Ƙaramin abu ne amma hankali na kwanciya.

Inda suka fi burge ni shi ne maganar MOT. Duk babur da ya kai shekara 3 dole a yi masa wannan gwajin duk shekara, su duba birki, fitilu, sitiyari, taya, hon, lamba da sauransu, zanen taya ma sai ya kai milimita 1 in mashin ya wuce 50cc. Kuɗin gwajin gwamnati ce ta ƙayyade iyakarsa, fam 29.65 ga babur, ba wanda ya isa ya wuce haka. Matsalar ita ce in MOT ya ƙare kana gida, baka iya biyan haraji sai da shi, baka iya hawa sai da haraji. Doka ta yarda ka tuƙa mashin mai SORN zuwa wurin gwaji in ka riga ka kama ranar gwajin, amma sai da inshora, kuma kai tsaye za ka je ba ratse. Su kuwa tunda wurin gwaji ne mai lasisi, da shuɗin allon nan mai zanen fararen alwatika uku a ƙofa, daga ɗakin ajiya kawai suke turo shi zuwa ɗakin gwaji bai taɓa titi ba. Ina Kano na tura musu saƙo, suka yi gwajin, suka canja ƙwan fitilar birki da ya mutu, na shiga gov.uk na sa lambar mashin na ga sakamakon da idona. Sai na kunna inshora, na biya haraji ta waya, na ƙaramin mashin bai ma kai fam 30 a shekara ba, biyan harajin shi ke soke SORN da kansa. Na sauka na je na hau abina. In za ka nemi wurin ajiya, dan Allah nemi wanda ke yin MOT a ciki, bambancin ba kaɗan ba ne.

Toh yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Inshorarsu ba ta shafi mashin ɗinka ba. In gobara ta tashi ko aka fasa aka sace, asararka ce. Yana rubuce a yarjejeniyar amma can ƙasa da ƙananan haruffa, kuma yaron da ke kanta bai faɗa ba, sai da na tambaya da bakina. A ganina wannan shi ne abu na farko da ya kamata a gaya wa mutum, kafin ma a nuna masa kamara da sarƙa. Akwai wata inshora mai sauƙi ta mashin ɗin da ke ajiye, gobara da sata kawai take biya ba a hawa da ita, ita na yanka. In kuma za ka bar taka ta asali tana tafiya, ka kira kamfanin ka gaya musu inda mashin yake kwana yanzu, don in adireshin da ke takarda daban inda abin ya faru daban, suna iya ƙin biya. Kuma ka yi lissafi kafin ka soke, akwai kuɗin sokewa, sannan rangwamen da ake ba wanda bai yi haɗari ba sai shekara ta cika ake lissafa shi, ka yanke a wata na tara ka rasa shekarar gaba ɗaya. In tafiyar wata ɗaya ko biyu ce, sau da yawa gara ka bar komai yana tafiya ka biya kuɗin ɗaki kawai. Wannan ma dattijon ne ya lissafa min, ya ce SORN ba kullum take riba ba.

Sai tsada. Kusan fam 50 nake biya a wata, cajin batir kuɗinsa daban, wanda ni ina ganin son kuɗi ne, wutar nawa take? Kuma cikakken wata suke lissafawa ko da kwana kaɗan ka shiga cikinsa. In mashin ɗinka gaba ɗaya fam 800 ka saye shi kuma za ka yi wata takwas ko shekara, zauna ka yi lissafi da kyau, ƙila gara ka sayar in ka dawo ka sai wani. Ba sa buɗewa Lahadi, Asabar rabin wuni, kuma sai ka sanar da su kwana biyu kafin ka zo ɗauka don babura a jere suke sai an fitar da na gaba. Wanda ya sauka daren Asabar yana da aiki Litinin da asuba, sai dai ya nemi bas. Yaron kantar nan kuma ba shi da haƙuri, in Turancinka bai zauna ba yana magana da sauri kamar ana korarsa, na ga yadda ya yi wa wani bawan Allah ɗan Sudan abin bai min daɗi ba ko kaɗan. In ka je ka ce mai wurin kake son gani.

Sun kuma ƙi yarda a sa adireshinsu a V5C. Na fahimce su, ba gidanka ba ne, amma ga mai sakin ɗakin haya in zai tafi gida wannan babbar matsala ce, don duk wasiƙar hukuma adireshin da ke takardar take zuwa, kuma rashin gyara adireshi in ka tashi laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000. Sai ka tanadi inda wasiƙa za ta same ka da wanda zai buɗe ya karanta maka.

Tunda ana maganar takardu bari in taɓo lasin, don nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, kuma dattijon nan sai ya ga lasinka kafin ya sai maka da mashin. Lasin Najeriya yana yi maka aiki wata 12 ne kacal daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, shi ma in yana ɗauke da ajin babur, wato A. Yawancinmu B muke da shi na mota, mashin kuwa a unguwa muka koya ba wanda ya taɓa yanka masa lasin. Kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasinsu da na Birtaniya, Afirka ta Kudu da Zimbabwe suna ciki, mu da Ghana da Nijar babu. Don haka hanya ɗaya ce, ka nemi lasin ɗan koyo, fam 34 ta intanet, sannan ka je horon wuni ɗaya da ake kira CBT. Ba jarabawa ba ce ta ci ko faɗuwa, amma in malamin bai gamsu ba zai ce ka dawo. Za su fara da gwada idonka, ka karanta lambar mota daga mita 20, sai koyarwa a fili, sai aƙalla awa 2 a kan titi malami na binka yana maka magana ta rediyo a kunne. Kar ka ce ai ni na yi shekaru ina acaɓa me za su koya min, hannun hagu ake bi a nan, mu tun 1972 muka koma dama, kuma shataletalensu yana da ƙa'idar da in baka bi ba mota za ta kwashe ka. Takardar da za su baka shekara 2 take yi, da ita za ka hau har 125cc, da jar alamar L gaba da baya, ba goyo, ba hawa manyan titunan nan irinsu M6. Ba goyo fa, ko matarka ce. In ta ƙare ko ka sake horon ko ka yi cikakkiyar jarabawa, ta kwamfuta fam 23 sannan ta tuƙi kashi biyu. Wanda aka kama takardar CBT ɗinsa ta ƙare, tara har fam 1,000 da makin laifi har 6 a lasi. Ranar ƙarewar tata ma dattijon ya sa min cikin jerin da ya rubuta, don mutum na iya dawowa daga gida mashin lafiya, MOT lafiya, haraji lafiya, shi mahayin ne takardarsa ta mutu.

Inshora kuwa ita ce ke cin kuɗin sabon zuwa, wani lokacin ta shekara ta kusa kuɗin mashin ɗin, sabida baka da tarihi a ƙasar kuma lambar unguwarka ma tana ƙara ko rage farashi. Duk da haka kar ka kuskura ka hau babu ita. Tun Oktoban 2014 aka daina manna takardar haraji a jikin abin hawa, komai na cikin kwamfuta, kamarorin motocin 'yan sanda lamba suke karantawa su san komai kafin ma su tsayar da kai. In ba inshora, fam 300 da maki 6 nan take, su ɗauke mashin ɗin, kuma ba maganar oga a yi haƙuri. Masu son kai abinci su sani inshorar zuwa aiki ba ta isa ba, akwai ta musamman ta masu ɗaukar kaya don kuɗi. Ɗalibai kuma ku yi hattara, bizar karatu ta hana aikin da kai ne ubangidan kanka, kuma yawancin aikin kai abinci a haka yake, kar garin neman fam ɗari mutum ya jawo wa karatunsa gaba ɗaya matsala. Ina faɗa ne don na san irin kuɗin da iyaye suka zuba kafin yaro ya zo nan.

Wajen sayen na hannu ma suna da kirki. Farashinsu ya ɗara na Facebook, amma suna baka da sabon MOT, su sanar da DVLA canjin mai shi a gabanka, su miƙo maka koren yankin takardar da za ka biya haraji da shi kafin ka fita ƙofa, don harajin tsohon mai shi ba ya binka. Ka riƙe rasit ɗinka da kyau, V5C ba shaidar mallaka ba ce, a jikinta ma an rubuta haka. In a wajen mutum za ka saya, sa lambar a gov.uk ka ga tarihin MOT kyauta, kilomitar kowace shekara na nan, in ta ja da baya ka san an taɓa mita. Wanda ya ce maka takardar ta ɓata ka nemi sabuwa da kanka, ka bar masa kayansa kawai. Wani abu mai daɗi ga 'yan Birmingham, kuɗin shiga tsakiyar gari na tsaftar iska da ake karɓa a wajen tsofaffin motoci ba ya kan babura, amma in Landan za ka da mashin ɗin da ya girmi 2007, duba lambarsa tukuna don ULEZ, nasu tsarin kuɗin tsaftar iska, na iya cajinka fam 12.50 a rana.

Wa ya dace ya kai musu? Wanda ba shi da haraba, mashin ɗinsa na da ɗan daraja, kuma tafiyar ta wata biyu zuwa shida ce, kamar masu zuwa azumi su wuce har babbar sallah. In kana da ɗan uwa mai gareji a gidansa da ka amince masa, yi SORN ka sai caja da sarƙa mai kauri ka ajiye kuɗinka, sai dai ka ja masa kunne kar ya ce bari ya ɗan zaga da shi don batir, hawa mashin mai SORN a titi tararsa na iya kaiwa fam 2,500 kuma sunanka ne a takarda. Ni bana ma can zan kai, amma zan nemi su haɗa min kuɗin caja cikin na wata, kuma ranar Talata ko Laraba zan sa dawowata don kar in sauka in tarar da ƙofa a rufe.